ƊAYA GA JANAIRU

Na Wasila Kalli (Maman Afra)

Shafi na 19

Masu kirana tun da safe da "Maman Afra ina shafin yau", wallahi kun kusa cinye min caji. To ga shi. Wacce ta zage ni jiya saboda na takura wa Shuhada, ki yi haƙuri tun yanzu, yau ma ba daɗi za ki ji ba.

*

Tsohuwar ba kuka take ba, kuma abin da ya fi tsorata Shuhada kenan.

Ta shigo ofishin gidauniyar da ke Nguru bayan azahar, takalminta a hannu, mayafinta duk ƙurar hanyar Gashua. Ta tsaya gaban teburin Shuhada.

"Wushe 'yata. Sunana Kaltum. An ce ke ce mai rubuta sunan masu shiga mota."

"Sannu Iya, zauna mana. Ai ba ni nake rubutawa ba, kwamfuta ce take fitarwa."

"To kira min kwamfutar."



Duk Talata da Juma'a gidauniyar nan tana ɗauko masu ciwon ƙoda mutum arba'in daga Gashua, a kawo su Nguru a wanke musu jini kyauta. Arba'in cif, don iya abin da injinan za su ɗauka kenan. Wanda gwajin jininsa ya fi muni shi ne a sama. Aikin Shuhada kuwa shi ne sikirif, wato jerin umarnin da ta rubuta, wanda ke kwaso sunaye daga rajistar ƙananan asibitoci uku, ya jera su, ya zuba a dashbod, wato allon bayanan da manya ke kallo. Daga nan takardar Ajimi direba ke fita. Daga nan kuma saƙo ke tafiya wayar marasa lafiya duk Litinin da ƙarfe huɗu.

Yau Litinin.

Iya Kaltum ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani katin asibiti da ya sha hannu, ta ajiye.

"Karanta. Ni ba na faɗar sunan, ɗan fari ne."

Shuhada ta ɗauka.

Muhammad Auwal Adamu. Gashua. Ranar haihuwa, ɗaya ga Janairu, 1985.



Sunan yayanta ne, shi ma mai ciwon ƙoda. Harafi da harafi. Garin ɗaya, ranar ɗaya. Hoton ne kawai ba na Yaya Auwal ba, wani dogo ne mai tsagen fuska.

"Wata bakwai yana shiga motarku," in ji tsohuwar. "Sati uku da suka wuce Ajimi ya ce sunan yana takarda, amma mai shi ya riga ya zauna, har da saƙo a wayarsa. Muka koma gida. Juma'a muka dawo, haka. Talata, haka. Sai ɗan nawa ya ce Iya, mu daina zuwa, kunya nake ji."

"Iya..."

"Tsaya in gama. Shekaranjiya muka binne shi. Ya kumbura har sai da aka ƙaro yadi a likkafani. Tattasansa na nan a fadama ya nuna, babu mai tsinka."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ni ban zo faɗa ba. Mai abu ya karɓi abinsa. So nake in ga fuskar wanda ya cire shi, shi kenan. Ina nan waje ƙarƙashin darbejiya, ba inda za ni."

Ta fita ta bar katin a tebur.

*

Shuhada ta buɗe laftof ɗinta.

Ta kira baƙin allon nan da 'yan ofis ke mata tsiya a kai, wai tana hira da aljanu. Ba hoto, ba abin latsawa, sai 'yar farar alama tana ƙiftawa tana jiran ka buga umarni da hannu. A nan take aikinta duka. Tana da kwafin rajistar a laftof, duk gyaran da ta yi sai ta gwada shi a nan tukuna, a inda ba zai taɓa kowa ba. In ya yi daidai sannan ta tura babbar kwamfutar gidauniya. Da wannan tsari take alfahari, har Damaturu an taɓa kiranta ta koyar da shi.

Ta buga umarnin gwaji.

Rubutu ya gudu, ya tsaya.

Shiga: 212
Fita: 197

Ta san lambobin nan. Ta taɓa ganinsu.

Ta cije leɓe, ta buga umarni na biyu, wanda ke nuna waɗanda suka zube a hanya. Kalma huɗu ce kawai.

Sunaye goma sha biyar suka jeru.

Nana Aisha uku. Nana Khadija biyu. Muhammad Auwal har huɗu. Kuma kowanne a gabansa, ɗaya ga Janairu. Ɗaya ga Janairu. Ɗaya ga Janairu.

"Wayyo Allah na," ta faɗa a hankali.

Sati uku da suka wuce wani baƙo cikin masu ba da tallafi ya kalli dashbod ya ce yana ganin suna ɗaya sau biyu, ko ana cusa sunayen bogi ne? Oga Ridwanu, shugaban ofis, ya zo mata a birkice ya ce ta share maimaici kafin baƙon ya tafi. Ta ƙara layi ɗaya a sikirif: duk inda suna da gari da ranar haihuwa suka zo ɗaya, a bar na farko, a zubar da sauran.

Baƙon dai baƙo ne, bai san mu ba. Amma ke Shuhada fa? Ke da aka haifa a Gashua! Wa bai san ɗan fari Muhammad Auwal ake sa masa ba? Wa bai san yadda malaman rajista ke yi ba? "Baba yaushe aka haife ka?" "Shekarar da ruwa ya ci kasuwa." Sai malam ya kalli furfurarka ya ƙiyasta shekara, ya danƙara ɗaya ga Janairu ya ce na gaba. Katin Innarta ma haka yake. Na Yaya Auwal haka yake.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da lambar kati. Ko ɗaya babu maimaici. Mutane ne goma sha biyar, kowa da uwarsa.

Gyaran bai ci minti biyar ba. Ta goge layin, ta sa lambar kati ta zama abin rarrabewa. Ta cire sunan mamacin da hannunta, hawaye na ɗiga kan madannai. Ta sake gwadawa a laftof.

Shiga: 211
Fita: 211

Ta sauke ajiyar zuciya. Sai ta ce bari ta ga sabon jerin.

Ta gangara. Talatin da takwas, inda Yaya Auwal yake tun sati uku, wani suna ne daban.

Talatin da tara.

Arba'in.

Layin da ke raba masu shiga mota da masu zama gida.

Ta ci gaba da gangarawa.

Arba'in da huɗu. Muhammad Auwal Adamu.

Waɗanda aka zubar sun yi sati uku ba wanki, jininsu ya lalace, wasunsu sun haye samansa. Shi kuwa da ake wanke wa, nasa ya ɗan yi kyau. Kyawun ne ya fitar da shi.

Agogon laftof ya nuna uku da minti ashirin.

*

Ƙofa ta buɗe. Oga Ridwanu ya shigo ya mayar ya rufe, har da murɗa makulli.

"Wace ce waccan a ƙarƙashin bishiya? Maigadi ya ce ta ƙi tafiya."

 Shuhada ta juya masa laftof, ta tura masa katin.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula ya share zufa ya mayar.

"Kin tura?"

"A'a. A nan kawai na gwada."

"Alhamdulillahi. Rufe."

"Oga?"

"Na ce ki rufe. Jerin makon jiya ya tafi yadda yake."

"Mutum goma sha huɗu ne fa a gida suna kumbura!"

"Yi a hankali da muryarki. Za mu mayar da su. A hankali, ɗaya-ɗaya. Duk sanda gurbi ya samu..."

"Gurbi? Gurbi a nan ai sai an mutu yake samuwa, Oga."

"To me kike so in yi? In sunaye goma sha huɗu suka faɗo dashbod rana ɗaya, gobe za a kira ni daga sama. Su tambaya, su ji an binne mutum, su tsayar da tallafin su ce sai an yi bincike. Wata nawa binciken? Arba'in ɗin ma su rasa. Ke za ki wanke musu jinin da laftof ɗinki?"

"Kai ka ce in share maimaici."

"Ni na ce. Ban musa ba."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Muryarsa ta yi ƙasa, kuma wallahi da ya yi mata ihu da ya fi sauƙi.

"Ke kika koya min wannan, Shuhada. Kika ce baƙin allon nan ba ya mantuwa."

Ya miƙa yatsa ya danna maɓallin kibiyar sama. Tsohon umarni ya dawo. Ya sake dannawa. Wani ya dawo. Yana ta dannawa, kwanaki na komawa baya, har ya iso ranar da baƙon ya zo. Ya buɗe bayanin gwajin ranar, ga kwanan wata, ga lokaci.

Shiga: 212
Fita: 197

"Ashe kin gwada a ranar."

"Na gwada."

"Kin ga goma sha biyar sun zube."

"Na ɗauka maimaici ne..."

"Ina umarnin da ke nuna waɗanda suka zube? Wancan mai kalma huɗun. Kullum kina buga shi, ga shi nan watan jiya, ga shi watan shekaranjiya. Ranar nan kaɗai babu."

Ridwanu ya ci gaba.

"Ranar kuma yayanki ya tashi daga arba'in da wani abu ya shiga talatin da takwas. Wata biyar yana jira. Washegari ya shiga mota karon farko. Innarku har waina ta aiko mana ofis ta sadaka. Na ci, Shuhada. Guda uku na ci."

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da mayafi don kada a ji a waje.

"Ban yi da gangan ba. Wallahi tallahi ban rubuta layin don shi ba."

"Na yarda."

"Amma na ga sunansa ya hau. Na gani da idona. Wani abu ya ce min Shuhada duba, goma sha biyar sun yi yawa. Na ɗora yatsuna a kan madannai. Sai na tuna ƙafafunsa, na tuna Inna tana shafa masa man zafi tana cewa gobe za a kira ku. Na ɗauke hannuna. Tsoro na ji, Oga. Tsoron abin da zai nuna min."

Ni Maman Afra ban san me za ku ce ba, amma a nan zuciyata ta karye mata. Kuma a nan ɗin ne na ji haushinta ya fi na kullum.

Ridwanu ya yi ajiyar zuciya.

"Ni na yarda da ke. Gashua ba za ta yarda ba. Cewa za a yi 'yar gidan Malam Adamu ta kashe ɗan mutane ta sa yayanta. Har gaban Innarku za a faɗa a gidan biki."

Uku da minti arba'in.

Ya miƙe, ya je bakin taga ya leƙa, ya dawo.

"To ji wata. Tun da kin nace, tura gyaran, ni zan san ƙaryar da zan yi wa na sama. Amma ki sa yayanki na arba'in da hannu. Layi ɗaya ne, kin fi ni sani. Ni ban gani ba, ban ji ba. Ki rufa min asiri in rufa miki."

Shuhada ta ɗago jajayen idanunta ta kalli allo.

Layi ɗaya ne, gaskiyarsa. Ko minti ba zai ci ba.

Ta gangara ta tsaya a kan na arba'in.

Nana Khadija Dunoma. Ɗaya ga Janairu, 1996. Tana cikin waɗanda aka zubar. A gefen sunanta malamin rajista ya rubuta: tana shayarwa.

Yatsunta suka sauka kan madannai. Ta buga harafi biyu.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ridwanu ya buɗe da fushi, sai ya ja baya. Iya Kaltum ce.

"Ku yi haƙuri. Buta nake nema, la'asar ta yi."

Idonta ya sauka kan laftof. Ta tako a hankali har gaban tebur, ta sunkuya tana kallon baƙin allon da 'yar farar alamar da ke ƙiftawa.

"Ita ce wannan? Kwamfutar?"

"Ita ce, Iya," in ji Ridwanu da sauri. "Matsala ce ta na'ura, muna kan..."

"Ashe ƙarama ce."

Ta daɗe a sunkuye, kamar mai neman inda idon abin yake.

"Iya."

Tsohuwar ta juyo.

"Ba ita ba ce. Ita abin da aka ce mata take yi. Ni ce na cire shi."

"Shuhada!" Ridwanu ya daka mata tsawa.

"Ni ce. Wanda ya zauna a kujerarsa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ga alamar kuskure tun ranar farko, na kau da kai."



Iya Kaltum ba ta zage ta ba. Ba ta ɗaga hannu ba. Abin da ta ce ta zo yi shi ta yi, ta tsaya ta kalli fuskar Shuhada. Ta kalli goshinta, ta kalli idanunta, ta kalli bakinta. Shuhada ta so ƙasa ta tsage ta shige, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Kina da uwa?"

"Ina da ita."

"Shi ne ɗanta na fari?"

"Shi ne."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ɗauki katin ɗanta, ta goge shi da bakin mayafi, ta ƙulle a zani.

"Allah ya hana ta ganin abin da na gani."

Ta ɗauki butar da ke bayan ƙofa ta fita.

Uku da minti hamsin da huɗu.

Shuhada ta goge haruffa biyun da ta buga.

"Ki yi tunani," in ji Ridwanu, muryarsa ta dushe. "Sati ɗaya ba wanki, kin san abin da ke faruwa. Gidanku ba ku da halin kai shi da kanku, ni na sani ke kin sani."

"Na sani."

"Shuhada, yayanki ne fa."

"Na sani, Oga! Na sani!"

Ta buga umarnin turawa. Allon ya tambaye ta, kamar yadda ita da kanta ta tsara shi ya riƙa tambaya: Wannan zai canza jerin gaske. Kin tabbata?

Ta rubuta: eh.

Rubutu ya gudu.

An tura. 211.

Ridwanu ya buɗe ƙofa ya fita, bai ko rufe ba.

Ta zauna tana kallon agogo. Hamsin da takwas. Hamsin da tara. Ta taga tana hango Iya Kaltum ta shimfiɗa mayafi ƙarƙashin darbejiya ta ta da salla.

Huɗu.

Saƙonni suka fara fita, layi bayan layi. Iri biyu ne, kuma duka ita ta rubuta su tun farkon aikin. Ɗaya na cewa ka zo tasha gobe da ƙarfe shida. Ɗayan kuwa ta sha gyara shi don ya yi laushi, yana farawa da "Muna ba ka haƙuri".

Huɗu da minti uku wayarta ta ɗauki ƙara.

INNA.

Ta bar ta har ta katse. Ta sake shigowa.

Ta ɗaga.

"Assalamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam, 'yar albarka. Kin ci abinci kuwa? Muryarki wani iri."

"Na ci."

"To madalla. Ga yayanku nan, tun azahar ya haɗa jakar gobe, har bargon na wanke masa, ya ce sanyin ɗakin injin nan na damunsa. Yau har tsakar gida ya fito da ƙafarsa, ki ji ikon Allah!"

Shuhada ta danne bakinta da hannu.

"To saƙonku ya shigo wayarsa yanzu. Idon nasa yau hazo-hazo yake gani, ni kuma kin san ni da boko. Amma na ga kamar ba irin na kullum ba ne, wannan ya fi tsawo. Na ce to me za mu wahalar da kanmu, ga tamu a wurin?"

"Inna..."

"Ko an canza lokacin motar ne? Tsaya in buɗe murya ya ji da kunnensa."

Aka yi ɗan ƙarar latsawa. Sai numfashin Yaya Auwal, mai nauyi, kusa da wayar.

"Ƙanwata ta kaina," ya ce yana 'yar dariya. "Faɗa mana, ƙarfe nawa za mu fito?"